Kafin a biya bashi sai an san nawa ne

Tambayi mutumin da bashi ya yi wa katutu nawa ake bin sa gaba ɗaya, ka ga yadda zai ɗaga kai sama yana motsa leɓe. Na banki zai fara faɗa, don shi ake zarewa daga albashi tun kuɗin ba su shigo hannu ba. Sai na mai kanti, don ta ƙofarsa yake wucewa safe da yamma. Sai ka matsa masa sannan na surukinsa zai fito, da adashin da ya kwashe tun zubin farko, da hayar wata biyu da mai gida ya yi shiru a kanta, da jaka biyu-biyu, biyar-biyar na abokan aiki da shi kansa ya daina ƙirgawa. Jimillar da zai faɗa da baki da wadda za ta fito a takarda ba sa zuwa ɗaya, kuma ta bakin ce ƙarama.

Ba ƙarya yake yi ba. Bashin a warwatse yake. Kowane mai bin sa nasa kaɗai ya sani, matar gida ta san wani ba ta san wani ba, shi kuma mai ɗauke da kayan ba ya son haɗa su wuri guda don tsoron abin da zai gani. A ganina nan cutar take, fiye da girman kuɗin. Wanda bai san jimillar bashinsa ba, bai kuma san wanne ne ke cin sa da tsada ba, duk abin da ya samu wanda ya fi ɗaga murya zai miƙa wa, a bar wanda ya kamata a fara sallama.

A wasu ƙasashe an mai da zaman wannan lissafi aiki mai zaman kansa, akwai mutanen da sana'arsu ke nan, ba masu bashi shawara. A Amurka akwai gamayyar NFCC da aka kafa tun 1951, ta ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba. Mutum ya je da takardunsa, a baje abin da ke shigowa da abin da ke fita. In an ga zai iya biya a hankali sai a tsara masa shiri: yana zuba kuɗi sau ɗaya a wata wurin ƙungiyar, ita ta rarraba wa masu bin sa, ta kuma nema masa ragin ruwa a wurinsu. Yawanci shekara 3 zuwa 5 ake ɗauka. Tun 2005 dokarsu ta ce wanda zai je kotu ya bayyana cewa ya karye, sai ya fara zama da irin waɗannan mashawarta cikin kwana 180 kafin ya shigar da takarda. A Ingila ƙungiyar StepChange, wadda ta fara aiki a 1993, kyauta take yin wannan hidima. A Faransa kuwa hukuma ce ta ɗauki nauyi: dokar 31 ga Disamba 1989, wadda ake kira da sunan ƙaramar minista Neiertz, ta kafa kwamitocin duba lamarin waɗanda bashi ya fi ƙarfinsu, Babban Bankin Faransa ke riƙe da ofishinsu. Kwamitin na iya tsawaita lokacin biya, ko ya dakatar da shi na wani lokaci, ko a shafe wani ɓangare in an ga babu mafita. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne abin da suke fara warewa, wato kuɗin da iyali za su ci su sha su biya haya. Abin da ya saura bayan wannan shi ake raba wa masu bin bashi.

Mu nan ba mu saba da ofishi irin wannan ba. Amma in ka cire gini da kwamfuta, me ya rage? Mutum na uku wanda ba ya bin ka ko dala, ba ya kuma neman ya ba ka sabon rance. Takarda ɗaya da ta tattara komai. Sai yarjejeniyar biya da masu bin bashi suka sani suka amince da ita. Babu ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfin Maraɗi.

Ai garin ma da bashi ya tashi. Zamanin gyaɗa, kamfanonin Turawa ke ba ƴan kasuwa kuɗi tun kafin kaka su sayo musu gyaɗa a ƙauyuka, su ma su rarraba wa yaransu, kuma da yawa daga manyan alhazan garin ta wannan hanya suka kafu. Har gobe a babbar kasuwa haka ake yi: ubangida ya ba yaronsa kaya, ya sayar ya kawo kuɗi, ya ɗauki wasu. Wannan bashi ne mai haihuwa, ba shi muke magana a kai ba. Mun kuma ga ɗaya gefen, lokacin da bankin raya ƙasa na Nijar, BDRN, ya durƙushe a 1990 saboda basussukan da ba su dawo ba, aka kafa Sonibank a gurbinsa.

Shekarun nan kuwa ko mai taka-tsantsan ya ji a jikinsa. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A ƙarshen Mayu 2023 ta cire tallafin man fetur, ƴan ruwa-ruwa, masu shigo da man Najeriya su sayar, suka ga ribarsu ta zube. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya sake toshe hanyar Ɗan Isa da Jibiya, sai a Fabrairu 2024 aka ɗage shi. A tsakanin nan naira ta faɗi warwas, dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, alhali sefa na nan ɗaure da yuro a kan kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya. Ɗan ci-rani da ke samu da naira a Kano ko Legas, ana bin sa da sefa a gida, bashinsa ya ninka ba tare da ya ƙara karɓar ko sisi ba. Sai ga ambaliyar ƙarshen Agusta 2024 da ta rusa gidaje a cikin gari. Don haka duk wanda zai ba mai bashi shawara, kada ya fara da zagi. Ba kowane mai bashi ne almubazzari ba.

Bari mu ga yadda zaman yake. A ɗauka malamin makaranta ne, albashinsa jaka 150, wato sefa dubu 150. Ya samu wani dattijo a unguwarsu, tsohon akanta da ya yi ritaya, suka zauna a zaure bayan la'asar da littafi da biro.

"To, Malam, faɗa mini duka. Har wanda kake jin kunyarsa."

"Baba, ai ba za su wuce jaka 900 ba."

"Mu rubuta dai."

Banki na cire 45 kowane wata, saura wata 18, ya kama 810. Mai kanti 38. Haya wata biyu, 50. Suruki 60. Adashin da ya kwashe, zubi 15, saura wata 6, ya kama 90. Sai da dattijon ya ajiye biro ya dube shi sannan na ƙarshe ya fito: jaka 100 da ya karɓa wurin wani mai ba da kuɗi da ruwa, yana kai masa 10 duk ƙarshen wata, uwar kuɗin na nan ba ta motsa ba. Jimilla 1,148.

Amma ba jimillar ce ta fi tayar da hankali ba. Dattijon ya buɗe wani shafi ya rubuta abin da gidan ke ci a wata: haya 25, abinci 50, wuta da ruwa 8, man babur 10, duka 93. Bayan banki ya ɗauki nasa saura 105, a cire 93 saura 12. Adashi da ruwan mai rance kuwa 25 suke nema. Giɓin jaka 13 ke nan kowane wata, ko da ba wanda ya yi zazzaɓi, ba a haihu ba, ba a yi baƙi ba. Ma'ana malamin nan yana cin sabon bashin jaka 13 duk wata don kawai ya tsaya inda yake. Littafin mai kanti da ke ta cika da hayar da ta taru, daga wannan giɓi suka fito. Muddin ba a toshe shi ba, ko wani ya biya masa rabin bashin yau, baɗi war haka zai dawo inda yake.

Abu na biyu da zaman ke fitarwa shi ne farashin kowane bashi, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Jaka 10 a wata kan jaka 100 ba ta da nauyi a kunne, amma kashi 120 cikin ɗari ne a shekara. A ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, akwai iyakar ruwa da doka ta gindaya. A farkon 2014 aka sauke ta daga kashi 18 zuwa 15 a shekara ga bankuna, daga 27 zuwa 24 ga cibiyoyin ba da ƙananan rance. Mai rancen malaminmu yana karɓar ninki biyar na abin da aka yarje wa cibiyar da ke da lasisi. In malamin ya yi wata 14 yana kai goma-goma, ya riga ya biya 140 a kan 100, kuma har yanzu ana bin sa 100.

Ko a wuraren da ke da lasisi, sai an buɗe ido. Mutum biyu za su ce maka ruwansu kashi 2 ne a wata, amma abin da za ka biya ya bambanta nesa ba kusa ba. A ce jaka 300 ka karɓa na wata 12. Na farko yana lissafa ruwan a kan jaka 300 ɗin daga farko har ƙarshe, 6 kowane wata, jimilla 72. Na biyu yana lissafawa a kan abin da ya rage: wata na farko 6, na biyu 5 da rabi, yana sauka har ya kai rabin jaka a wata na ƙarshe, jimilla 39. Bambancin jaka 33 ne, alhali da baki kalma ɗaya suka faɗa maka. Ga kuɗin buɗe takarda, ga inshora, ga ajiyar dole da ake riƙewa daga cikin rancen har sai ka gama biya, wadda ke nufin kana biyan ruwa a kan kuɗin da ba su taɓa shiga aljihunka ba. Shi ya sa aka yi ma'aunin da ake kira TEG, wanda ke haɗa ruwa da sauran kuɗaɗen da aka ɗora ya fitar da farashin rancen na gaskiya a shekara, kuma da shi ake auna iyakar da doka ta sa. Kafin ka sa hannu, tambaya biyu sun wadatar: nawa ne TEG, kuma in na gama biya nawa na ba ku gaba ɗaya? A nemi jadawalin biya a rubuce, wata bayan wata. Cibiyar da ba ka san ta ba kuma, a bincika ko hukumar ARSM mai sa ido kan ƙananan rance ta san da zamanta.

A ƙauye ba a maganar kashi cikin ɗari, amma cin ya fi haka zafi. Manomi ya je wurin ɗan kasuwa tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, ya ɗauki tiya 10 ta hatsi. A ce tiya jaka ɗaya saura 200 take a lokacin, wato 800, sai a rubuta masa jaka 8. Da kaka tiya ta sauko 400, sai ya auna tiya 20 kafin ya fita. Ba wanda ya ambaci ruwa, amma cikin wata uku ko huɗu ya biya ninki. Rumbun baɗi zai ƙare da wuri ke nan, ya sake komawa. Mutanenmu da suka sa wa irin wannan suna a-ci-ba-daɗi sun san abin da suke faɗa. Ƙarshensa jinginar gona, ƙarshen jingina kuma sau da yawa sayarwa.

To da wanne za a fara? Masana harkar sun kasu biyu. Wasu sun ce a fara da mafi tsada, don shi ke zubar da jini. Wasu sun ce a fara da mafi ƙanƙanta, don mutum ya ga an soke suna ɗaya a takarda ya sami ƙarfin gwiwa. A lissafi na farkon ya fi, a halin ɗan Adam na biyun ma yana da hujja. Amma kafin su duka akwai basussukan da rashin biyansu ke rusa sauran shirin: hayar gida, bashin da aka jingine babur ɗin kabu-kabu ko keken ɗinki a kansa, gonar da ke hannun wani, da bashin da wani ya tsaya maka. Wanda aka fitar daga gida ko aka karɓe masa abin sana'a ba shi da abin biyan kowa. Bayan waɗannan ni ina tare da masu cewa a kashe mai tsada, musamman a nan inda tazarar da ke tsakanin kashi 15 da kashi 120 ba abin wasa ba ce. Na suruki ba ya haihuwa, yana iya jira. Sharaɗin shi ne a je a gaya masa zai jira, kada ya gane da kansa.

Wannan zuwan shi ne mafi wuya, kuma shi ne amfanin mutum na uku. Mai bashi shi kaɗai ya saba da alkawarin da ya san ba zai cika ba, "ƙarshen wata in sha Allahu", don kawai a sake shi ya wuce. Alkawari uku irin wannan suka karye, magana ta lalace. In da dattijo a gefe, maganar daban ce: "Alhaji, yaron nan ya kawo mini lissafinsa na gani da idona. Ba zai iya ba ka 50 a tashi ɗaya ba. Hayar kowane wata za ta riƙa zuwa kan lokaci, da jaka 5 a kai har a cike ta baya. Ni ne shaida." Mafi yawan masu bin bashi sun fi son kaɗan mai zuwa a kan mai yawa da ake ta ɗagawa. Abin da ke harzuƙa su shi ne kashe waya da canza hanya. Mai ba da kuɗi da ruwa ma ana iya zama da shi a ce ruwa ya tsaya daga yau, goman da ake kawowa ta koma rage uwar kuɗi, cikin wata 10 a rabu. Zai yi gardama, amma ya san abin da yake karɓa ba zai iya kare shi a gaban alƙali ko liman ba.

Addini ma bai bar ɓangarorin biyu haka nan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma sai ka ga mutum yana jin nauyin ya ce wa ɗan'uwansa su rubuta, wai kada a ce bai yarda da shi ba. Aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. A ɗaya gefen, hadisi ingantacce ya kira jinkirin mai hali zalunci, kuma an ruwaito Annabi (SAW) ya ƙi sallatar gawar wani mai bashi sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Akwai kuma abin da masu hannu da shuni ke mantawa: waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas na masu karɓar zakka da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. A garin da ake fitar da zakka mai yawa irin Maraɗi, da ana ware wani kaso a fanshi masu ƙananan basussuka kai tsaye daga hannun masu bin su, da ya fi raba jaka ɗai-ɗai a ƙofar gida amfani.

In magana ta kai ga hukuma, akwai abubuwan da ya kamata a sani. Rashin biyan bashi a karan kansa rigimar dukiya ce tsakanin mutum biyu, sai in da zamba ko cin amana a ciki yake zama laifin da ake kama mutum a kansa. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu, saboda haka mai unguwa ƙofa ce tun kafin kotu. Nijar na cikin ƙasashe 17 masu bin dokokin kasuwanci na OHADA. A ƙarƙashinsu mai bin bashi na iya samo umarnin biya daga kotu cikin sauri, wanda ake bi kuma kwanaki ƙalilan gare shi ya ƙalubalanta, don haka takardar kotu ba abin sakawa ƙarƙashin katifa ba ce. Dokokin nan kuma sun ba alƙali damar duba halin mai bashi ya ɗaga masa biya ko ya rarraba masa shi, har tsawon shekara guda a yawancin basussuka. Mutane da yawa ba sa nema don ba su san akwai ba.

Tsayawa wani ma ba gaisuwa ba ce. A dokar OHADA, wanda ya sa hannu a matsayin mai lamuni, in aka nemi mai bashi bai biya ba, ana iya juyowa kansa ba sai an fara sayar da kayan wancan ba. Shi ya sa doka ta ce ya rubuta iyakar kuɗin da ya tsaya wa da hannunsa, da haruffa da lambobi, in bai iya rubutu ba a kawo shaidu biyu. Kada ka tsaya wa kuɗin da in suka faɗo kanka ba za ka iya ɗauka ba, ko da ɗan ɗakinku ne.

Bankuna kan yi tayin haɗe basussuka su zama ɗaya, ko tsawaita lokaci don abin da ake cirewa a wata ya ragu. Ga malaminmu, saukar da 45 zuwa 35 zai cike mafi yawan giɓinsa, kuma in da sabon rancen zai kashe na kashi 120 ne, ciniki ne mai kyau. Sai dai jimillar abin da zai ba banki za ta ƙaru, kuma haɗarin shi ne ya ga numfashi ya dawo ya sake buɗe shafi wurin mai kanti.

Sai batun kashe kuɗi. Ba na son irin nasihar da ake yi wa talaka cewa ya daina shan shayi zai yi arziki. Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi, jaka 42, ba almubazzaranci ne ya hana shi kai ƙarshen wata ba. Katin waya da intanet da ɗan abin taɓawa a majalisa suna ci, gaskiya ne, kuma wanda ya rubuta duk abin da ya kashe na wata guda zai sha mamaki. Amma ba su ke jefa gida cikin rami ba. Manyan hidimomi ne, kuma abin haushin shi ne kusan dukkansu an san ranar zuwansu. Komawa makaranta watan Oktoba ne kowace shekara. Azumi da kayan Sallah ba sa zuwa a ɓoye. Layya na matsowa da wajen kwana 11 duk shekara, a ƴan shekarun nan tana faɗowa ne daidai lokacin da hatsi ke tsada, manomi na neman iri da taki. Ciki wata tara yake yi kafin a nemi ragon suna. Duk da haka sai ranar ta ƙarato a tashi a rikice, a ci bashi kamar gobara ce ta tashi. Ragon jaka 120 in an raba shi wata 12, goma-goma ne ba ruwa. In an ɗauke shi da rancen layya, goman nan dai za a biya, da ƙari a kai, bayan an riga an cinye naman. Malamai kuma sun sha faɗa cewa layya na kan mai iko ne.

Biki ya fi wuyar taɓawa, don shi ba kashe kuɗi ba ne kawai, bashi ne da ba a kiran sa bashi. Abin da ƙawa ta kawo miki ranar sunanki a rubuce yake, ranar nata za ki mayar da ƙari. Ga anko, ga kayan ɗaki da ake gasa a kansu. Ba zan ce a daina ba, zumunci ne, kuma ranar wuya shi ke tashi. Amma a sa shi cikin takardar lissafi kamar sauran, kuma miji da mata su san na juna. Gidaje da yawa suna da littafin bashi biyu da ba su taɓa haɗuwa ba.

Ga mai ƙaramar sana'a kuma cutar guda ce, aljihu ɗaya. Kuɗin ciniki da na cefane wuri guda suke kwana, ana ɗiba ana cewa riba ce, sai ranar sarin kaya a ga jari ya rame, a ranto a cike. Maganinsa mutum ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka a rana, sauran na shago ne, ko da shi ne mai shagon.

Hanyar tara kuɗin hidima ba sai an je nesa ba, a jihar nan aka ƙirƙiro wadda duniya ta ara. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi: mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanka, akwati da makullai a hannun mutane daban-daban, a ba mai buƙata rance na ɗan lokaci a gaban kowa, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ƙarin da ake ɗorawa kan rancen cikin akwatin yake komawa, wasu ƙungiyoyin kuma sun zaɓi yin sa ba ƙari don kauce wa riba. Abin lura a tsarin shi ne ba a ɓoye komai, kowa ta san abin da ake bin kowa, shi ya sa bashi ba ya samun duhun da zai girma a ciki. Ga manoma akwai warantaj, wanda wani shirin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990: da kaka ƙungiya ta zuba amfanin gona a sito, kwaɗo biyu, ɗaya nata ɗaya na mai ba da rance, a karɓi kuɗin da bai kai darajar kayan ba a yi sana'ar rani, in farashi ya tashi a biya a buɗe sito. Akwai shekarar da farashin ba ya tashi yadda aka zata, a nan riba kan yi ƙaranci, amma ko ba komai hatsin na nan lokacin da ake nemansa.

Wa za a zaɓa ya zama na ukun? Wanda ya iya lissafi, ya iya riƙe sirri, masu bin bashi kuma suna jin nauyinsa. Kada ya zama cikin masu bin ka. Ma'aikacin banki na iya yi maka bayani mai amfani, amma rance yake sayarwa. Wanda ya ce ka ba shi wani abu tukuna zai goge maka bashi, ko ya ninka maka kuɗi ta waya, ka riƙe aljihunka. Zaman kuma ba na rana ɗaya ba ne, duk ƙarshen wata a koma da littafin a soke abin da aka biya.

Kowane biya a karɓi shaida, ko rasit, ko sa hannu a littafi, ko saƙon da kamfanin aika kuɗi ya turo. In bashi ya ƙare a banki ko cibiyar rance, a nemi takardar da ke nuna an gama, a karɓo duk abin da aka jingine, takardar fili ce ko ta babur, a kuma sanar da wanda ya tsaya maka cewa ya fita. Tun 2016 akwai ofishin tattara bayanan masu rance na yankin UEMOA, wanda kamfanin Creditinfo ke gudanarwa, inda bankuna da manyan cibiyoyin rance ke aika tarihin biyan abokan hulɗarsu. Mutum na da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa, ya kuma nemi a gyara in bashin da ya riga ya biya yana nan a rubuce kamar ba a biya ba.